Matatar Gwangwani da Motsin Ruwa a Tankin Murjani

Gabatarwa

Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin murjani, ko da ba ku san sunansa da Hausa ba. Shi ne jan dutsen adon nan da Oba na Benin da hakimansa suke sawa a wuya da hannu, wanda kuma amare suke ado da shi a sassa da dama na Nijeriya. Hausawa sun aro kalmar ne daga Larabci. Sai dai murjani ba dutse ba ne tun asali. Ƙashin wata ƙaramar dabba ne da take rayuwa a cikin teku. Jan murjanin ado na ainihi daga Bahar Rum ake samo shi. Yana kuma da dangi a tekuna masu ɗumi, waɗanda suke taruwa su gina manyan tuddai a ƙarƙashin ruwa.

A yau akwai mutane a ƙasashe da yawa da suke kiwon irin wannan murjani da ransa a cikin tankin gilashi, a gida ko a makaranta ko a wurin bincike. Kiwo ne mai tsada, kuma ɗan kuskure kaɗan yana iya kashe dabbobin da suka yi shekaru suna girma. A wannan darasi za ku koyi abubuwa biyu da rayuwar tankin ta dogara a kansu: tace ruwa da motsa ruwa. Ku riƙe tun yanzu cewa waɗannan ayyuka biyu ne daban. Na'urar da ta iya na farko ba lalle ba ne ta wadatar a na biyu.

Gidan murjani a teku

Kowane reshen murjani taron ƙananan dabbobi ne, ɗaruruwa ko dubbai, manne da juna. Kowace ɗaya tana kama da ɗan ƙoƙo, da baki a tsakiya, da 'yan yatsu masu laushi kewaye da bakin. Nau'in da yake gina tuddai yana ɗibar sinadarai daga ruwan teku ya yi ƙashi da su. Sinadarin wannan ƙashi shi ne kalsiyam kabonet, irin wanda yake cikin ɓawon ƙwai. A cikin naman dabbar kuma akwai wata gansakuka ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya gani. Gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganye yake yi, ta ba murjani kaso mafi yawa, shi kuma ya ba ta mafaka.

Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna samun abinci ko mafaka a cikinsu. Mafi girma a duniya yana gabashin Ostireliya, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300. A Afirka akwai su a Bahar Maliya, kusa da gaɓar Masar da Sudan, da kuma gaɓar Kenya da Tanzaniya. Gaɓar tekun Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 850, ba ta da irin waɗannan manyan tuddai. Babban dalili shi ne Kogin Neja da sauran koguna suna kwararo ruwa marar gishiri da laka mai yawa a cikin teku. Laka tana tare haske, tana kuma rufe bakin murjani.

Wannan ya nuna muku irin ruwan da dabbar take so: mai gishiri, mai ɗumi, garau, wanda kuma ba ya tsayawa. Igiyar ruwa tana kai da komo a kan tudun murjani dare da rana, ba hutu.

Daga teku zuwa tanki

An buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan a shekarar 1853. Wani masanin halittu ɗan Ingila mai suna Philip Henry Gosse ya taimaka wajen zuba masa dabbobin teku, kuma a shekarar 1854 ya wallafa littafi a kan wannan kiwo. Amma an daɗe bayan haka kafin a iya raya murjani mai ƙashi a tanki, domin sai da aka sami fitilu masu ƙarfi da famfunan lantarki masu inganci.

Mai kiwo yana ƙoƙarin kwaikwayon teku ne a cikin ɗan akwati. Yana zuba gishiri kimanin giram 35 a kowace lita ta ruwa. Ba gishirin miya ake amfani da shi ba. Gishiri ne na musamman da aka haɗa da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran teku. Zafin ruwan yakan tsaya tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyas. A cikin tankin ana jera duwatsu masu ramuka da yawa, waɗanda ake kira dutse mai rai saboda ƙananan halittun da suke zaune a cikinsu.

Wataƙila kun san masu kiwon tarwaɗa a unguwarku. Tarwaɗa kifi ne mai juriya, yana iya ɗago kai ya shaƙi iska idan ruwa ya lalace. Murjani ba shi da wannan dama. A manne yake wuri guda. Duk abin da ruwa ya kawo masa shi zai karɓa, mai kyau ko marar kyau.

Daga ina datti yake fitowa?

Kifi yana cin abinci, yana yin kashi, yana kuma fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta matsatsakun numfashinsa. Ragowar abinci da matattun tsirrai su ma idan sun ruɓe amoniya suke bayarwa. Amoniya guba ce, kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe kifi. A teku yawan ruwa yana tsarma ta. A tanki kuwa ba inda za ta tafi.

Masu ceton tankin su ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Rukuni na farko yana mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu yana mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta sauran biyun ba. Waɗannan rukunoni biyu suna buƙatar iskar oksijin, kuma a jikin abubuwa suke zama, kamar dutse da yashi da soso. Akwai rukuni na uku da yake zaune can cikin ramukan dutse, inda oksijin ya yi ƙaranci. Shi ne yake mayar da naitiret ya zama iskar naitirojin, ta fice daga ruwa.

Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita. Kada a zuba dabbobi kafin lokacin. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda matatar gwangwani take

Matatar gwangwani wani rufaffen mazubi ne na roba, mai kama da bokiti mai murfi, wanda ake ajiyewa a cikin kabad a ƙarƙashin tanki. Kamfanin Eheim na ƙasar Jamus yana cikin waɗanda suka fara ƙera ta a shekarun 1960. Tana da tiyo biyu. Na farko yana saukar da ruwa daga tanki zuwa gwangwani, na biyu yana mayar da shi sama. A cikin murfin akwai ɗan injin lantarki da yake juya wata ƙaramar farfela, ita ce take tura ruwan. Tsakanin murfi da gwangwani akwai zoben roba wanda yake hana yoyo.

A ciki akwai kwanduna da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, kuma dole ruwa ya ratsa su duka. A kwando na farko ana sa soso mai manyan ƙofofi, sannan mai ƙanana. Aikinsa shi ne kama ɓarɓashi da gutsattsarin datti da ido yake gani. A na biyu ana iya sa 'yan zobban yumɓu da aka gasa, masu ramuka da yawa, domin bakteriya su sami wurin zama. A na uku ana sa gawayi na musamman da aka sarrafa, wanda yake tsotse launin rawaya da wari da wasu sinadarai masu guba da murjani mai laushi yake fitarwa don yaƙar maƙwabtansa. Wasu suna ƙara wani gari mai tsotse fosfet, sinadarin da yake ciyar da gansakuka marar amfani.

Amfanin wannan matata a fili yake. Ba ta da ƙara sosai, ba ta cin wuri a cikin tanki, kuma ba sai an huda gilashi ba kafin a haɗa ta. Ga mai ƙaramin tanki, ita ce hanya mafi sauƙi ta samun ruwa garau.

Matsalar da take ɓoye a cikin gwangwani

Ku yi tunanin mai shara da ya share ɗaki tsaf, sannan ya tura sharar ƙarƙashin tabarma. Ɗakin ya yi kyau a ido, amma sharar tana nan. Haka matatar gwangwani take. Dattin da soso ya kama bai bar tankin ba, domin ruwan tankin yana ci gaba da bi ta kansa dare da rana. A nan yake ruɓewa, ya zama amoniya, bakteriya kuma su mayar da ita naitiret cikin hanzari. Tun da ruwan da yake ratsa gwangwani cike yake da oksijin, rukuni na uku ba ya samun wurin zama sosai a ciki. Saboda haka naitiret yakan yi ta taruwa.

Kifin ruwan daɗi yana iya jure naitiret mai ɗan yawa. A tankin murjani kuwa masu kiwo sun fi son kada ya wuce kimanin miligiram 10 a kowace lita. Idan ya yi yawa tare da fosfet, koriyar gansakuka mai kama da gashi takan rufe duwatsu, ta danne murjani, launinsa ya koma ruwan ƙasa, girmansa ya ragu. Mai tanki yana kallon ruwa garau yana murna, alhali dabbobinsa suna wahala. Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan dalilin yana cikin gwangwanin da aka manta da shi a kabad.

Wannan ne ya sa masu manyan tankuna da yawa suke bin hanyar da ake kira tsarin Balin, wadda masu kiwo na birnin Balin a Jamus suka yaɗa. A wannan tsari dutse mai rai ne yake ɗaukar nauyin bakteriya, sannan a haɗa wata na'ura mai yin kumfa. Datti yana manne wa kumfar, ya hau cikin wani kofi, a zubar da shi waje tun kafin ya ruɓe. Amma wannan ba ya nufin matatar gwangwani ba ta da wuri a tankin murjani. Tana aiki da kyau idan an cika sharaɗi ɗaya: a riƙa buɗe ta ana wankewa a kai a kai. Idan tankin yana da isasshen dutse mai rai, mutane da yawa sukan cire zobban yumɓu, su bar soso da gawayi kawai, domin wankin ya yi sauƙi.

Me ya sa murjani yake buƙatar motsin ruwa?

Ku tuna cewa murjani ba ya tafiya, ba shi da huhu, ba shi da jini. Ta fatarsa yake karɓar abin da yake buƙata, ta nan kuma yake fitar da abin da ba ya so. A jikin kowane abu da yake cikin ruwa akwai wani siririn rufi na ruwa da kusan ba ya motsi. Idan ruwan tanki ya tsaya, wannan rufi yakan yi kauri, sinadarai su kasa ratsa shi da sauri. Idan ruwa yana gudana, rufin yakan sirance, musayar ta yi sauƙi. Kun san yadda ɗaki mai cunkoso yake idan fanka ta tsaya. Iska tana nan a ɗakin, amma wadda take kusa da jikinku ta yi nauyi.

Motsin ruwa yana yi wa murjani ayyuka da dama. Yana kawo masa oksijin da dare, lokacin da babu haske kuma gansakukar da take jikinsa ta daina samar da shi. Da rana yana kwashe oksijin da ya yi masa yawa. Yana kawo kalsiyam na gina ƙashi, da ƙananan halittun da yake kamawa da 'yan yatsunsa. Yana share majina da ƙura daga jikinsa. Yana kuma ɗaga datti daga ƙasan tanki ya kai shi bakin tiyon matata, domin matata ba ta iya kama dattin da bai zo wurinta ba. A saman tanki kuma, girgizar ruwa ce take barin oksijin ya shiga, iskar kabon ta fita. Matatar gwangwani rufaffiya ce, ba ta haɗa ruwa da iska a cikinta, don haka wajibi ne saman ruwan ya riƙa rawa.

Bari mu yi lissafi

Ana auna ƙarfin famfo da yawan litar da yake turawa a awa ɗaya. A ce muna da tanki mai tsawon santimita 100, faɗi 40, tsayi 50. Idan kun ninka 100 sau 40 sau 50, za ku sami 200,000. Ku raba da 1,000, amsar ita ce lita 200.

Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce matata ta juya ruwan tanki duka kamar sau 4 zuwa 6 a awa. Ga tankinmu, matata mai lita 1,000 a awa ta dace. Sai dai adadin da aka rubuta a kwali yawanci ƙarfin famfon ne ba tare da kaya a cikin kwanduna ba. Soso da gawayi da tsawon tiyo da lanƙwasarsa duk suna rage gudu, datti kuma yana ƙara ragewa. Mu ɗauka abin da yake fitowa na gaskiya lita 700 ne.

To, nawa murjani yake buƙata? Murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙashi mai tauri, yakan wadatu da juyi sau 10 zuwa 20 a awa. Mai ƙashi da nama mai kauri yana son matsakaici. Mai rassa da ƙananan bakuna, irin su Acropora, wanda a teku yake zaune inda igiyar ruwa take da ƙarfi, yana buƙatar sau 30 zuwa 50, wani lokaci ma fiye. Idan muka ɗauki sau 20, tankinmu yana buƙatar lita 4,000 a awa. Matata ta ba mu 700. Saura lita 3,300. Idan kuwa murjani mai rassa muke kiwo a kan sau 40, buƙatar ta zama lita 8,000, kuma matatar ba ta biya ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Wani zai ce, me zai hana a sayi matata mafi girma? Amsa ita ce ruwan matata yana fitowa ta siririn baki, da ƙarfi, ta fuska guda, kamar ruwan tiyon wankin mota. Irin wannan yana iya yage naman murjanin da yake gabansa, ya bar na gefe ba motsi. Ban da haka, gawayi ya fi aiki idan ruwa bai ratsa shi da gudu mai tsanani ba. Maganin shi ne a ƙara ƙananan famfuna na cikin tanki, waɗanda ake manna wa gilashi da maganaɗisu. Suna da faffaɗar farfela, suna tura ruwa mai yawa a hankali, kuma ba sa cin wuta sosai. Guda biyu masu lita 2,000 kowanne, waɗanda ake iya rage musu gudu, sun ishi tankinmu na murjani mai laushi.

Inda za a sa famfo

A manna famfo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, su fuskanci juna ko su ɗan karkata. Inda ruwansu ya haɗu yakan hargitse, ya riƙa sauya hanya, kamar yadda yake yi a teku. Wasu famfunan suna da na'urar da take ƙara musu gudu tana ragewa, domin su kwaikwayi igiyar ruwa. A ɗaga bakin tiyon matata ya ɗan kalli sama don ya girgiza saman ruwa. A sa tiyon da yake shan ruwa nesa da wanda yake mayarwa, kuma a rufe bakinsa da raga don kada ya tsotse ƙananan kifaye. A bar 'yar tazara tsakanin duwatsu da gilashin baya, ruwa ya sami hanyar wucewa.

Bayan haka sai ku sa ido, domin dabbobin da kansu za su nuna muku ko kun yi daidai. Idan 'yan yatsun murjani suna kaɗawa a hankali, gaba da baya, kamar ciyawa a iska, motsin ya yi. Idan sun kwanta gefe guda kullum, ko dabbar ta ƙi buɗewa, ko farin ƙashi ya fara bayyana a gefen da yake fuskantar famfo, ƙarfin ya yi yawa. Idan ƙura tana kwanciya a kansa, ko wani jan yauƙi yana shimfiɗuwa a kan yashi a wata kusurwa, to ruwa yana tsayawa a wurin. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a zuba ɗan garin abincin kifi, a bi shi da kallo. Duk inda ya faɗi ya kwanta, nan ne motsi bai kai ba. A sa murjani mai rassa a sama inda ruwa da haske suka fi ƙarfi, mai kama da naman kaza kuma a ƙasa inda suka fi sauƙi.

Kada a kashe famfuna da dare don tsimin wuta. Da dare ne oksijin ya fi raguwa a tanki, domin kifi da murjani da bakteriya duk suna sha, ba mai samarwa.

Yadda ake kula da matata

A wanke matatar sau ɗaya a mako, ko aƙalla sau ɗaya a mako biyu. Ya fi kyau a haɗa wankin da ranar canjin ruwa, wato ranar da ake ɗebe kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan tanki a zuba sabo. A tankinmu wannan lita 20 ke nan.

Da farko a zare filogi daga soket. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, don haka kada ku taɓa na'ura da jiƙaƙƙen hannu tana haɗe da wuta. Sannan a rufe bawul na tiyo biyun, in ba haka ba ruwan tanki zai ci gaba da zubowa ƙasa. A kai gwangwanin wurin wanki, a zubar da ruwan da yake ciki gaba ɗaya. A matse soso har sai ruwansa ya fita fari. Idan akwai zobban yumɓu, a ɗauraye su a cikin tsohon ruwan da aka ɗebe daga tanki, domin sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe bakteriya. Kada sabulu ko omo ya kusanci kayan tanki. A canza gawayi bayan mako 3 ko 4. A ciro farfela a goge ta, a duba zoben roba ko ya tsage, sannan a mayar da komai, a buɗe bawul, a bar gwangwani ya cika kafin a kunna.

Ku kiyaye abubuwa biyu kuma. Na farko, tagulla guba ce ga murjani, saboda haka duk mahaɗin tiyo ya zama na roba. Na biyu, idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan ne kaɗai ya tashi, gishirin yana nan. A cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri.

Idan an ɗauke wuta

Ga mai tanki a Nijeriya wannan ita ce babbar barazana. Murjani yana iya jure rashin haske na kwana biyu ko uku, amma idan ruwa ya tsaya, oksijin yana iya ƙarewa cikin 'yan awoyi, musamman a lokacin zafi, domin ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi riƙe oksijin ba. Saboda haka idan batir ko inbata ba za su iya ɗaukar komai ba, a fara haɗa famfon motsa ruwa, a bar fitila. Ɗan injin kumfa mai aiki da batir yana da araha, kuma yana ceton rayuka. In babu ko ɗaya, a riƙa ɗibar ruwan tankin da kofi ana zubawa daga sama lokaci zuwa lokaci.

Matatar gwangwani tana da nata hatsarin. Tun da a rufe take, bakteriyar da suke ciki sukan shanye oksijin da ya rage, sannan su fara mutuwa. Idan abin ya daɗe, ruwan ciki yakan yi wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da wuta ta dawo, famfo zai tura wannan guba kai tsaye cikin tanki. Don haka idan an yi awoyi da yawa ba wuta, a zare filogin matatar, a buɗe ta, a zubar da ruwanta, a wanke kafin a sake kunnawa. Rigakafi ya fi magani.

Zafi ma abin lura ne. Idan ruwa ya daɗe da ɗumi fiye da kima, murjani yakan kori gansakukar da take jikinsa, ya koma fari fat, kuma in yanayin bai gyaru ba yunwa ta kashe shi. Haka ya faru a tekuna da yawa a shekarun 1998 da 2016. A garuruwa masu zafi ana buƙatar fanka a saman tanki ko na'urar sanyaya ruwa.

Kammalawa

Kun ga cewa matatar gwangwani tana kama datti, tana riƙe gawayi, tana sa ruwa ya yi garau, amma dattin ba ya barin tanki sai ranar da hannu ya fitar da shi. Kun kuma ga ta hanyar lissafi cewa ruwan da take turawa ɗan kaɗan ne a kan abin da murjani yake buƙata, don haka sai an haɗa ta da famfunan motsa ruwa. Duk wanda zai shiga wannan kiwo ya fara tambayar kansa ko yana da lokacin wanki kowane mako, da wutar da ba ta yankewa. Ya kuma nemi murjanin da aka raya a tanki ko a gonar teku. Murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta shekarar 1973 ta ce ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Ma'anar wasu kalmomi

Matata: abin da ake tace ruwa da shi.
Gansakuka: ƙananan tsirrai da suke fitowa a cikin ruwa ko a wuri mai damshi.
Farfela: abu mai fukafukai da yake juyawa yana tura ruwa ko iska.
Garau: mai tsabta, wanda ake ganin abin da yake cikinsa.
Tsarma: ƙara ruwa a kan abu don ƙarfinsa ya ragu.
Yoyo: zubar ruwa kaɗan-kaɗan ta wata ƙofa.
Ɗauraye: wanke abu sama-sama da ruwa kawai.

Tambayoyi

1. Me ya sa gaɓar tekun Nijeriya ba ta da manyan tuddan murjani?
2. Ku bayyana aikin rukunonin bakteriya uku da aka ambata.
3. Ta yaya misalin shara da tabarma ya dace da matatar gwangwani?
4. Ku kawo ayyuka huɗu da motsin ruwa yake yi wa murjani.
5. Tanki yana da tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50. Lita nawa yake ci? Idan ana son juyi sau 20 a awa, kuma matata tana ba da lita 1,000, lita nawa za a nema daga sauran famfuna?
6. An ɗauke wuta tun daga ƙarfe 10 na dare har ƙarfe 6 na safe. Ku rubuta jimloli biyar a kan abin da ya kamata mai tanki ya yi.
7. Ku yi bayanin karin maganar nan da kalmominku: "Ruwa ba ya tsami banza."